Ina Makka, Intanet Na Cewa Ina Najeriya

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, harkar hatsi takan kai ni Maraɗi a kai a kai, bana kuma Allah ya nufe ni da zuwa Umra. Duk inda na je da layina na gida nake shiga intanet. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ina zaune a Makka, amma shafukan da nake buɗewa suna nuna cewa ina Najeriya, har tallace-tallace da naira suke zuwa mini. Ga kuma nawa. Abokin ɗakina da ya sayi layin Saudiyya tasa datar gudu take yi, alhali sabis a cike yake a wayoyinmu duka biyun. Yarona da ke karatun injiniya ya ce wani abu ne wai shi GTP, amma bayaninsa bai shige ni ba. Don Allah a warware mini. Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Allah ya sa an yi karɓaɓɓiya, ya maimaita mana. Yaronka ya yi daidai, GTP ɗin ne. Kai da wayarka kun je Makka, amma adireshin da intanet ta san ka da shi yana nan gida bai motsa ba. Nawar da ka gani, da tallan naira, da tsadar da na san ka ji a aljihu ko da ba ka ambata ba, duk daga nan suka taso. Sai dai kafin mu je Makka bari mu fara hawa hanyar Katsina zuwa Kano, domin saboda irin wannan tafiya aka ƙirƙiro dabarar tun farko.

Duk abin da ke yawo a intanet, hoto ne ko murya ko saƙon banki, ba a dunƙule yake tafiya ba. Yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya zama ƙunshi guda, kuma mafi girmansu yawanci ba ya wuce bait 1,500. A goshin kowane ƙunshi akwai adireshi biyu, na mai aikawa da na wanda za a kai wa, su ne ake kira adireshin IP. Mutanen da suka tsara intanet a shekarun 1970 kwamfutocin da ke gabansu girke suke a ɗaki, ba inda suke zuwa. Don haka suka ɗora wa adireshi aiki biyu, ya faɗi ko wane ne kai, ya kuma faɗi inda kake. Na'urorin da ke raba hanya a intanet farkon lambar kawai suke dubawa su san ɓangaren da za su tura ƙunshi. Wanda ya tashi daga wani ɓangare ya koma wani dole adireshinsa ya canza, da ya canza kuwa hirar da ake cikin yi ta tsinke, sai an sake ƙulla ta.

Ita kuwa wayar hannu motsi ne aikinta. Ka hau mota a Katsina kana magana da abokin ciniki ta WhatsApp, kafin ku kai Kankiya wayar ta saki ƙarfen sabis ta kama wani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da a ce kowane ƙarfe shi ke ba ka adireshi, da ba ku gama cinikin buhu ɗaya ba tare da an ce "halo, kana jina?" sau biyar ba.

Wannan matsala ce ta tsaya a gaban injiniyoyin hukumar ETSI, mai hedikwata a Sophia Antipolis a kudancin Faransa, a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da suke son ɗora data a kan tsarin GSM wanda aka gina don murya. Abin da suka ɗora shi ne GPRS, wanda ya fara aiki a kasuwa a shekarar 2000, shekara guda kafin a fara GSM a Najeriya a watan Agusta na 2001. Shawarar da suka yanke mai sauƙin faɗa ce. Kada adireshi ya bi waya. A ajiye shi wuri guda, a wata babbar ƙofa a cibiyar kamfanin, duk intanet ta ɗauka can kake zaune. Tsakanin wannan ƙofa da duk inda kake kuma a shimfiɗa bututu. Ƙa'idar da ke gina wannan bututu, ta juya bakinsa, ta rushe shi idan an gama, ita ce GTP, ƙa'idar bututun GPRS.

Ka ɗauka kana da amintaccen yaro a shagonka na Katsina, kuma duk mai rubuto maka wasiƙa adireshin shagon yake sawa. Kai kuwa yau kana Jibiya, gobe Ɗan Isa, jibi Maraɗi. Idan wasiƙa ta iso, yaron ba ya buɗe ta, ba ya goge adireshin da ke kanta. Zura ta yake yi cikin wata ambulan, ya rubuta sunan tashar da ke kusa da kai da wata lamba da ɗan kamashon can ya ba shi, ya miƙa wa direba. Ɗan kamasho ya duba lamba ya san taka ce, ya yage ambulan ta waje ya ba ka ta ciki. Amsarka ma ta nan za ta bi. Sai ta koma shago tukuna, yaron ya cire ambulan ta waje, sannan ya aika ta da adireshin shagon. Wanda kuke musayar wasiƙa da shi zai rantse kana Katsina.

Babu wani bututun ƙarfe ko na roba a ƙasa, ambulan ta biyun nan ita ce bututun. Ƙunshinka na asali ana sa shi cikin wani ƙunshi, a ƙara masa bait 20 na adireshin waje, bait 8 na wata ƙa'idar aikawa mai suna UDP, da aƙalla bait 8 na GTP kanta, jimla 36. A cikin takwas ɗin ƙarshe akwai abin da ya fi komai muhimmanci, wato lambar bututu da ake kira TEID. Bait huɗu ce, tana iya bambance bututu 4,294,967,296. Mai karɓa ne yake zaɓen lambar ya gaya wa mai aikawa, shi ya sa hanyar zuwa da ta dawowa kowace da tata. Waya ɗaya ma takan riƙe bututu fiye da ɗaya. Idan layinka yana yin kiran murya ta 4G, abin da ake kira VoLTE, muryar tana da nata bututun daban wanda ake ba fifiko a kan na bidiyo da hotuna idan hanya ta cushe.

Sunayen na'urorin sun yi ta canzawa da zamani, aikin bai canza ba. A zamanin da kake ganin G ko E ko H a saman waya, ƙofar sunanta GGSN, mai kula da yankin da kake kuma SGSN. A 4G ƙofar ta zama PGW, aka sa wata tsaka-tsakiya mai suna SGW, aka ware wata na'ura, MME, wadda ba ta taɓa datarka sam, aikinta ba da umarni da sanin inda kowace waya take. GTP ɗin ma kashi biyu ce. Akwai mai ɗaukar kaya, GTP-U, wadda ke shiga ta mashiga mai lamba 2152, akwai kuma mai ɗaukar umarni, GTP-C, ta mashiga 2123. Ƙungiyar 3GPP, wadda aka kafa a Disamba 1998, ita ta gaji aikin daga ETSI. Ta fitar da sigar da 3G ta zo da ita, sannan a 2008 ta sabunta ɓangaren umarni saboda 4G. Ɓangaren kaya kuwa ta bar shi kusan yadda yake.

Bari mu duba abin da ke faruwa cikin ɗan lokacin nan da ka kunna waya kafin alamar 4G ta fito. Waya ta gaida ƙarfen sabis, ƙarfe ya miƙa gaisuwar ga MME. MME ta tuntuɓi rajistar kamfanin ta tabbatar sim ɗin na gaske ne kuma yana da izinin data. Sai ta aika wa SGW umarnin a buɗe zama, ɗauke da lambar sim ɗin ta ciki da sunan ƙofar da ake nema. Wannan suna shi ne APN, wanda masu gyaran waya ke shiga su rubuta idan sabuwar waya ta ƙi hawa intanet. SGW ta miƙa wa PGW. PGW ta ciro adireshi ɗaya daga rumbunta ta ce wannan naka ne, ga kuma lambar da za a sa wa kayan da za a turo mini. Amsa ta biyo hanya ta dawo, kowace na'ura tana ba maƙwabciyarta lamba, har ƙarfen da ke kusa da kai ya ba da tasa. Nan bututu ya haɗu, guntu biyu a jone: daga ƙarfe zuwa SGW, daga SGW zuwa PGW. Tsakanin wayarka da ƙarfen kuwa babu GTP, can harshen rediyo ake yi. Wayar ba ta ma san da bututun ba.

Wurin da aikin ya fi burge ni shi ne lokacin sauya ƙarfe. Mota tana gudu, waya tana auna ƙarfin sabis na ƙarafan da ke kewaye tana kai rahoto. Da ƙarfen da ke riƙe da kai ya ga na gaba ya fi shi jin ka, sai ya nemi wancan ya shirya, ya ce wa wayar ta koma. To amma akwai ƙunshin da suka riga suka baro cibiya suna kan hanya zuwa tsohon ƙarfe. Ba a zubar da su. Tsohon ƙarfe yana buɗe ɗan gajeren bututu na wucin gadi zuwa sabon, ya riƙa tura masa su. Sabon ƙarfe ya sanar da MME, MME ta ce wa SGW ta juya bakin bututu. SGW ta juya, sannan ta jefa wani ƙunshi na musamman a tsohuwar hanya, wanda ba ya ɗauke da komai sai alamar cewa daga ni babu saura. Sabon ƙarfe yana riƙe sababbin ƙunshi har sai wannan alama ta iso, don kada na baya ya riga na gaba. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, kuma adireshinka ko gezau, domin PGW ba ta ma san ka motsa ba. Wanda ya yi tunanin wannan ƙunshi na ƙarshe ya san aikinsa.

Haka nan idan ka ajiye waya na ɗan lokaci ba ka taɓa ta ba, ana sakin guntun da ke tsakanin ƙarfe da SGW don batir ya huta, a bar ɗaya guntun. Saƙo ya zo, SGW ta riƙe shi ta ce wa MME a nemo mai wayar nan, a yi cigiyarta a ƙarafan yankin, ta amsa, a sake jona guntun. Ɗan jinkirin da kake ji a taɓawar farko bayan waya ta daɗe a aljihu, har da wannan a cikinsa.

GTP ba ita kaɗai aka taɓa gwadawa ba. Waɗanda suka yi amfani da Starcomms ko Visafone ko Multi-Links a shekarun baya, layukan CDMA ke nan, datarsu ta wani bututu daban ta bi, mai suna GRE, kuma tsarin nasu ya jingina da Mobile IP, dabarar da masu tsara intanet suka fitar a 1996. Gidan GSM ne ya ci kasuwa a duniya, sai bututunsa ya zama na kowa.

Yanzu mu je Makka. Da ka sauka a Jidda ka kunna waya, ƙarfen da ya amsa maka na kamfanin Saudiyya ne, MME da SGW ma nasa ne. Amma lambar cikin sim ɗinka da 621 ta fara, lambar Najeriya ke nan, kamar yadda ta Nijar take 614, ta Saudiyya 420. Da ganin haka sai MME ɗinsu ta tuntuɓi rajistar kamfaninka a gida, ta kuma nemo ƙofar da APN ɗinka ke nufi. Wannan ƙofa tana Najeriya. Sai guntu na biyu na bututun, wanda a gida bai wuce tsakanin na'urori biyu na kamfani ɗaya ba, ya miƙe daga Saudiyya har Najeriya. Ba ta intanet ɗin kowa da kowa yake bi ba. Kamfanonin waya suna da wata keɓaɓɓiyar hanya a tsakaninsu da aka fara a 2000 da sunan GRX, daga baya aka faɗaɗa ta ta zama IPX, kuma dillalan wannan hanya suna haɗuwa a wasu manyan mahaɗu, ɗaya daga cikinsu a Amsterdam.

Ga amsar tambayarka ta farko. Ƙunshinka bai fito fili ba sai a ƙofar gida, da adireshin gida, don haka duk shafin da ya duba adireshi Najeriya zai gani. Manhajar taswira kuwa za ta nuna ka a gefen Harami daidai, domin ita tauraron ɗan adam take saurara. Ko a cikin gida ma irin wannan na faruwa. Mutum yana Sakkwato shafi ya ce masa yana Legas, saboda can aka yi wa adireshin ƙofar rajista, kuma sau da yawa mutane masu yawa ne ke fita da adireshi ɗaya. Matafiya zuwa ƙasar Sin sun daɗe da lura da wannan: wanda ya je da layin ƙasarsa yakan buɗe shafukan da aka toshe a can, domin ƙunshinsa a rufe ya ratsa ƙasar ya fito a wani wuri.

Batun nawa kuwa lissafi ne. Haske a cikin igiyar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan guda. Kowane kilomita 1,000 ke nan yana cin kashi 5 cikin 1,000 na sakan a zuwa, kashi 10 zuwa da dawowa. Igiyoyin ba sa miƙewa ta saman Sahara yadda jirgi ke yi. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Bahar Maliya, a ratsa Masar, a shiga Bahar Rum zuwa Turai, sannan a gangaro ta Tekun Atilantika zuwa Legas. A ce tafiyar kilomita 12,000 ce, kowace tambaya da amsarta sun ƙaru da kashi 120 cikin 1,000 na sakan tun ba a lissafa tsaye-tsayen na'urori ba. Shafi ɗaya kuwa sai an yi tambaya da amsa sau da dama kafin ya buɗe. Abin da ya fi ciwo shi ne idan shafin da kake nema a Saudiyyar yake, kamar na neman izinin ziyara. Buƙatarka za ta je Najeriya ta dawo, amsa ta sake zuwa Najeriya ta dawo maka. Abokin ɗakinka nasa bututun a cikin ƙasar ya ƙare. Sandunan sabis da kuke kallo ƙarfin rediyo kawai suke aunawa tsakanin waya da ƙarfe, ba su san tsawon bututu ba.

Maraɗi ma haka take, ko da yake tsakaninta da Katsina kusan kilomita 100 ne kawai. Ƙunshinka ba ya bin titin Jibiya. Sai ya je cibiyar kamfanin Nijar, ya fita ta hanyar da kamfanonin biyu suka yi yarjejeniya a kai, ya shigo ta ƙofar gida. A kan iyaka kuma akwai wani abin lura. Kana cikin Najeriya wayarka tana iya kama ƙarfen Nijar idan ya fi ƙarfi, a fara yi maka lissafin baƙo. Idan kana zirga-zirga a wajen, ka shiga saitin waya ka zaɓi netwok da hannunka.

Za ka ce me ya hana a buɗe maka ƙofa a Jidda kawai? A ƙa'ida akwai wannan zaɓi, an rubuta shi, na'urori sun iya. Amma kamfanoni kaɗan ne ke amfani da shi wajen data, domin a ƙofa ake ƙirga. Can ake sanin megabait nawa ka ci, can ake tambayar asusunka ko da saura, can ake rufe famfo idan kuɗi sun ƙare, can kuma hukumomin ƙasarka ke da ikon doka a kan layin. Kamfanin da ya bar ƙofa a hannun wani ya dogara ke nan da lissafin da wancan zai aiko masa daga baya. Na fahimci dalilinsu, amma a ganina matafiyi ne ke biyan kuɗin wannan kwanciyar hankali tasu, da kuɗi da kuma lokaci. Abu ɗaya dai da zai sanyaya maka rai: a ƙa'idar 3GPP abin da ke cikin ambulan ake ƙirgawa, bait 36 ɗin nan na waje ba a kanka suke ba. Nauyinsu a kan kamfani yake, kuma ba ƙarami ba ne a wajen murya, inda ake aika ƙananan ƙunshi 50 a kowane sakan, kowanne bai kai bait 100 ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya kamata ka sani. GTP ba ta da makulli. Ba ta ɓoye abin da ta ɗauko, ba ta kuma tambayar mai ba da umarni shaidar ko shi wane ne. An tsara ta a lokacin da kamfanonin waya ba su da yawa, kowa ya san kowa, aka ɗauka duk wanda ke cikin keɓaɓɓiyar hanyar ɗan gida ne. Yau masu mashiga cikin hanyar sun kai ɗaruruwa, kuma wanda ya samu shiga ta wajen mafi rauni a cikinsu yana iya aika umarnin ƙarya: a rushe zaman wane datarsa ta ɗauke, ko a buɗe zama da lambar wane lissafi ya hau kansa. A 2013 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta wallafa takardun da Edward Snowden ya fitar, waɗanda suka nuna hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, ta kutsa cikin kamfanin Belgacom na Beljiyam, kuma na'urorin GRX na cikin abin da ta nufa. A Oktoba 2021 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya ba da rahoton wani gungu da ake kira LightBasin, wanda ya kutsa kamfanonin sadarwa aƙalla 13, yana ɓoye umarninsa a cikin GTP ta hanyar kwaikwayon SGSN. A farkon 2024 kuma aka gano wata muguwar manhaja, GTPDOOR, wadda ke karɓar umarni ta cikin saƙon nan na "kana nan?" da na'urori ke aika wa juna don tabbatar da hanya a buɗe take.

Maganin yana hannun kamfanoni, kuma sananne ne. Ƙungiyarsu ta duniya, GSMA, ta fitar da jagora a kan tace saƙonnin GTP a bakin iyakar kowane netwok, a ƙi duk umarnin da bai yi daidai da inda mai layi yake ba. Ita ma 3GPP ta tanadi a rufe hanyar ƙarfe zuwa cibiya da wani makulli mai suna IPsec, domin a 4G kullewar rediyo a ƙarfen sabis take ƙarewa, sai dai ta bar wa kamfani damar tsallake wannan idan ya ga hanyar a tsare take. A nan nake ganin hukumomin sadarwa, NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar, ya dace su riƙa bin diddigi, domin mai waya ba shi da hanyar ganin ko an yi ko ba a yi ba. Naka ɓangaren shi ne wasiƙar ciki ta kasance a rufe. Shafukan da adireshinsu ya fara da https da manhajojin banki suna kulle abin da suke aikawa tun daga wayarka, WhatsApp ma tun Afrilu 2016 yake kulle saƙo daga waya zuwa waya. Mai leƙen bututu zai iya sanin da wace ma'aikata kake hulɗa da yawan abin da ka aika, amma ba zai karanta ba.

VPN da matasa suka yi ta saukewa lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, shi ma bututu ne, amma naka ne, yana tafiya a cikin na kamfani. Ƙofar kamfani ta buɗe tata ambulan ta tarar da wata a kulle mai adireshin wata ƙasa, ba ta san inda za ta ƙare ba. Kowane ƙarin rufi kuwa yana cin wuri a cikin bait 1,500 ɗin nan. Shi ya sa 3GPP ta ba da shawarar a rage girman ƙunshin waya zuwa bait 1,358, don idan an ƙara GTP da IPsec kada sai an tsaga shi biyu a hanya. Inda aka yi sakaci da wannan lissafi, za ka ga ƙananan saƙonni suna wucewa, babban shafi kuwa ya tsaya cak.

Ka gaya wa yaronka kada ya ɗauka karatun tsohon yayi yake yi. A 5G, wadda MTN ta fara a Najeriya a 2022 bayan gwanjon NCC na Disamba 2021, akwai salo biyu. Wanda yawancin kamfanonin duniya suka fara da shi sabon rediyo ne a kan cibiyar 4G, don haka GTP ce sama da ƙasa. A cikakken salon kuwa an sallami GTP-C daga tsakiyar cibiya, umarni ya koma kan HTTP/2, ƙofa ta zama UPF, aka kuma sa wani mai gadi mai suna SEPP a iyakar kamfanoni yana tantance umarnin baƙi. Amma kayan har yanzu GTP-U ke ɗaukarsu, ta mashiga 2152, da ɗan ƙarin rubutu a goshi mai nuna darajar kowane ƙunshi. 3GPP ta yi nazarin maye gurbinta da wata dabara mai suna SRv6, ta ƙare a kan a ci gaba da ita.

A tafiya ta gaba, idan wayarka mai sim biyu ce, ka sayi layin ƙasar don data, ka bar na gida a kunne amma ka kashe masa datar baƙunta. Saƙon tes na banki da lambobin sirri da ake turowa za su ci gaba da shigowa, domin su ta hanyar umarni suke zuwa, ba sa buƙatar bututun data. Idan wata manhaja ta gida ta ƙi buɗewa saboda ta ga adireshin waje, sai ka kunna datar layin gida na ɗan lokaci ka gama ka kashe. Akwai kuma layukan tafiya marasa kati, eSIM, da ake sayarwa ta intanet da araha. Da yawansu layukan wata ƙasa ce ta uku da ke baƙunta a inda kake, don haka bututunsu yana iya ƙarewa a Turai ko Asiya. Idan ka saka irinsa, ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na IP ka duba ƙasar da ya rubuta, sannan ka gwada da wifi na masauki ka kwatanta saurin kafin ka sayi babban ƙunshin data.